Me Kike Karantawa a Ƙasa?

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, a Yalwawa nake zaune tare da iyayena. Shekara huɗu takardar karatuna ta kiwon lafiya tana ƙasan akwati, ba aiki.

Sau uku ana yi mini intabiyu ta waya, irin wadda ake ganin juna. Sau uku ana cewa za a neme ni, daga nan shiru. Na rasa gane laifina. Na goge riga, na gyara ɗaurin ɗankwali, na jingina wayar da gwangwanin madara, har labule na ara don kada a ga bangon ɗakinmu. Tambayoyin kuwa tsaf nake amsa su. To mene ne? Sai na fara zargin wani ne ya sa mini hannu. Ku gafarce ni, har taron zumunta a coci na daina zuwa don haushi.

Da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata a karkara ta kira ni, na durƙusa na ce, "Ubangiji, ni dai kaina ya ɗaure. In akwai abin da nake yi ba daidai ba, Ka sa wani ya faɗa mini baki da baki."

Mutum uku ne suka fito a wayar, har da wani dattijo mai furfura, sa'an babana. Ina cikin ba da amsa ya tsayar da ni.

"'Yata, me kike karantawa a ƙasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba komai."

"Tun da muka fara idonki yana ƙasa. Wa ya rubuta miki amsa?"

Na ɗauki wayar na haska masa teburin, ba takarda, ba biro, sai gwangwanin nan. Na ce, "Baba, a gidanmu ba a kallon babba cikin ido. Haka aka rene ni."

Ya yi dariya. "Ashe ladabi ne. To a nan ladabin shi ne ki kalli kyamara. Ɗago kanki."

Na ɗago. Wato duk lokacin nan ina girmama mutane, su kuwa suna ɗaukata mai satar amsa.

Bayan sati biyu suka ba ni aikin. Haleluya!

Amma har yau ban gama ganewa ba. Ranar da na kai wa babana albishir, na kalle shi cikin ido yadda dattijon nan ya koya mini. Ya ajiye cokali ya ce, "Rifkatu, lafiyarki kuwa?" Na sunkuyar da kai.

'Yan'uwa, ban san inda zan riƙa ajiye idona ba, amma na san Wanda ya ji addu'ata, kuma na gode masa. Duk wanda kansa ya ɗaure kamar nawa, kada ya zargi kowa. Ya dogara ga Ubangiji, ya tambaye shi, zai aiko mai faɗa masa. Amin.