Waifai ta Bayan Katanga

A rumfar mai gyaran waya a Nassarawa GRA, wata dattijuwa ta juyo wajen mutumin da ke kusa da ita.

"Malam, duba min. Tun Juma'a wayata ba ta ganin waifai. Ɗana soja ne, ta nan yake kirana."

"Tsohuwar waya ce, Inna. Wani lokacin ba sa ganin sabuwar na'urar waifai. Kun canja taku ne?"

"Ta maƙwabta ce, masu koren get. Jikin katangarsu nake raɓewa, mai gadinsu ya sa min lambar."

Sai mutumin ya ce:

"Gidana ne. Ni na canja na'urar."

"Innalillahi! Alhaji, kar ka kore shi!"

"Yaushe yaron yake kira?"

"Bayan La'asar."

"To taso mu je, tsohuwar na'urar tana nan, sai in mayar da ita."