Takardar da Na Yaga a Gidan Waya

Iyayena da 'yan'uwana, alherin Yesu Almasihu Mai Cetonmu ya sauka a kan kowa da ke zaune a nan. Fasto, na gode da ka ba ni wuri.

Manyan da ke nan sun san ni tun ina goye. Saboda baƙi da yaran da suka taso bayan tafiyata, sunana Hannatu. A nan Dogon Dutsi aka haife ni, a wannan majami'a aka yi mini baftisma. Anfirmiye ce ni, mai jinyar marasa lafiya. A Yamai na yi karatu, na yi aiki shekara goma sha ɗaya, bakwai daga ciki a Kore Mairuwa.

Tun yanzu in faɗa muku, shaidata akwai zafi a cikinta. In kun ji muryata ta tashi, ku yi mini haƙuri. Allah ya cece ni, amma abin da aka yi mini ba daidai ba ne, kuma ba zan ɓoye ba.

Maigidana Iliya ya samu aiki a wata ƙasa ta Turawa inda ake jin Faransanci. Bayan shekara guda na bi shi da yaranmu biyu. Kowa sai ya ce, "Ke kam kin huta, can ido rufe suke neman anfirmiye." Kuma gaskiya ne, kullum rediyonsu kuka yake ba su da masu jinya. Na sa diplom ɗina a leda, na tafi biron da ke ba da izinin aiki, ina tafe ina murmushi.

Matar da ke zaune a wurin ko buɗe ledar ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ma karɓar wannan daga hannunki. Sai makarantarki ta aiko mana da kanta, a rufe, da hatimi."

Na ce, "Madam, ai na asali ne. Ga sa hannu, ga hatimin."

Ta ce, "Ba mu da hanyar sanin haka."

Ku ji fa! Cikin ladabi, da murmushi, ta ce mini maƙaryaciya.

Na haɗiye. Na kira yayana Yakubu, ga shi can zaune kusa da taga, wanda kuka sani da kabu-kabu a tasha. Sau uku yana ajiye babur ya hau mota zuwa Yamai. Yau a ce mai hatimi ya tafi biki, gobe a ce mabuɗin kabad yana hannun wanda ke hutu. Wata takwas kafin ambulan ɗaya ya tashi daga ƙasarmu.

Da ya isa, sai aka ce in zauna jarrabawar Faransanci, a ga ko ina ji. Ni! Ni da aka rataya wa ƙashin jaki a wuya a lakwal don na yi Hausa a cikin aji! An doke ni ina ƙarama don in bar harshen uwata in kama nasu, yau kuma ina da furfura a goshi an zaunar da ni ana tambayata in bayyana abin da na gani a hoto. Na zauna. Na ci.

Kafin nan dole in nemi abin yi. Aka ɗauke ni a wani gidan tsofaffi a matsayin mai taimako. In yi musu wanka, in canza zanen gado, in ba su abinci a baki. Ban raina aikin ba, wanke tsoho lada ne. Abin da ya ci mini rai shi ne dokar da aka karanta mini ranar farko: ba ni da izinin miƙa wa kowa ko ƙwayar ciwon kai.

Wannan hannun da kuke gani, a damina lokacin masassara, ya nemo jijiya a kan jaririn da ya bushe kamar kara. Ya karɓi haihuwa a bayan amalanke. Lokacin sanƙarau, ni da abokiyar aikina mu biyu muka riƙe rumfa cike da mutane. Wannan hannun ne aka ce kada ya taɓa ƙwaya.

Bayan kusan shekara, wasiƙa ta zo. Wai sun ga darussan da na yi, amma babu shaidar sitaj, wato aikin koyo da muka yi a gefen gadon marasa lafiya muna ɗalibai. Suna son a rubuta musu kowane sashe da awowin da na yi a ciki. Yakubu ya sake komawa Yamai. A can aka buɗe masa wani ɗaki aka nuna masa. Ruwa ya shiga ta rufi shekarun baya, rajistan shekararmu ya manne ya zama dunƙule, gara ta ƙarasa sauran. Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai haƙuri."

Can an ce ba a yarda da ni ba, nan an bar shaidata ta ruɓe. Ina zan sa kaina?

A cikin wannan hali ne abin da ya karya ni ya faru. Akwai wata tsohuwa a gidan da nake aiki, ba ta da kowa, ni nake kiranta Kaka, tana dariya duk da ba ta san ma'anarsa ba. Wata safiya na zo yi mata wanka, na ga ba ita ba ce. Numfashi sama-sama, hannu sanyi, jiki zafi, tana kirana da sunan da ba nawa ba. Na kama wuyan hannunta na ƙirga. Na san wannan abin, na gan shi ba sau ɗaya ba. Ciwo ya shiga jini.

Na ruga wurin anfirmiyen da ke aiki ranar, yarinya ce da ba ta fi shekara biyu da fita makaranta ba. Na ce, "Ki zo ki duba Kaka yanzu, a kira likita, a kai ta asibiti."

Ta ce, "Na gan ta da safe, gajiya ce."

Na ce, "Ba gajiya ba ce. Na ƙirga bugun jininta."

Ta ɗago kai ta ce, "Wa ya ba ki izini? A nan ke ba anfirmiye ba ce. Ki je ki gama gadajenki."

Sau uku ina komawa a yinin nan. Na ukun, aka kira ni biro aka gargaɗe ni a kan shiga aikin da ba nawa ba. Sai washegari aka kai Kaka asibiti. Kwana biyu ta yi ta rasu. Ni aka sa na kwashe kayanta a kwali.

'Yan'uwa, daga ranar na daina addu'a. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ran Lahadi Iliya ya shirya yara, ni in juya fuska bango. Abu kaɗan in daka wa yara tsawa har suka fara ɓuya in na shigo. Iliya ya ce, "Hannatu, zo mu durƙusa." Na ce, "Baban Dauda, ka durƙusa kai kaɗai. Wanda kake kira yana gani aka kashe tsohuwar nan."

Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa. Allah ya gafarta mini.

A lokacin ne wata 'yar ƙasarmu, ita ma anfirmiye da takardunta suka maƙale, ta haɗa ni da wani mutum. Ya ce shi aikinsa ke nan, yana yin takardar sitaj da hatimi da sa hannun darakta, kuma yana da wanda zai sa ta zama kamar daga Yamai ta fito. Ya ce, "Ai ba ƙarya za ki yi ba, 'yar'uwa. Kin yi sitaj ɗin ko ba ki yi ba?"

Na yi! Shi ya sa maganarsa ta shige ni. Na biya shi ba da sanin mijina ba. Ya ba ni kwafi in haɗa da dosiyena, wato takardun neman izinin aiki, in aika, shi kuma zai aika da na rufe.

Ranar Talata da rana na shiga gidan waya. Na tsaya a teburin da ake rubutu. A ƙarshen dosiyen akwai wurin da mutum zai sa hannu ya rantse cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Na ɗauki alƙalami. Na sake duba takardar. Mutumin ya rubuta mini cewa na yi sitaj a wani sashe da ko ƙofarsa ban taɓa shiga ba, don dai awowin su cika.

Hannuna ya ƙi. Ina tsaye mutane na wucewa ta bayana, sai na ji bakina yana magana da Hausa, ni da na yi wata huɗu ban kira sunan Allah ba. Kuma ba addu'ar ladabi ba ce, faɗa ne. Na ce, "Ya Yesu, kana ina? Na yi karatu da gaskiya, na yi aiki da gaskiya, ka bar gara ta ci. Ka bar ni ina kallon mace tana mutuwa hannuna a ɗaure. Yanzu mi kake so in yi?"

Ban ji murya daga sama ba. Abin da ya sauko a zuciyata shi ne wannan: tun ranar farko sun ɗauke ni maƙaryaciya alhali ba ni ba ce. In na sa hannu a nan, na zama. Da kaina zan ba su gaskiya.

Na yaga takardar. Na yaga, na sake yagawa, na zuba a kwandon shara, na zauna a benci ina kuka kamar yarinya. Na ce, "Ubangiji, ko zan mutu ina wanke zanen gado, ba zan shiga ta wannan ƙofa ba. Amma ka cire mini wannan wutar daga ƙirji, ta kusa cinye gidana." Na kira mutumin na ce kada ya aika komi da sunana. Da na koma gida na faɗa wa Iliya duka. Ya kama hannuna muka durƙusa.

Kuna jira in ce washegari aka kira ni? Ba a kira ni ba. Wata biyar shiru. Amma na koma majami'a, yarana suka daina gudu na.

Sai ga kira daga Yakubu, yana ihu a salula. Wai ya ɗauki wata dattijuwa daga tasha zuwa wurin mai gilashin ido, a hanya ta ga yana ta tsaki, ta ce, "Ɗana, mi ya same ka?" Ya ba ta labarina. Ta ce ya tsaya. Ta ce, "Wace Hannatu? Bahaguwar nan da nake bugun hannunta don tana allura da hagu?"

Madam Zalika ce, malamarmu mai kula da sitaj! Ta yi ritaya ta koma gida Tibiri. Musulma ce, Hajiya, mace mai tsanani da duk muke tsoro. Ashe tun tana aiki ba ta yarda da ɗakin ajiyar nan ba, kowace shekara tana da nata littafi, sunan kowane ɗalibi da inda ta tura shi da kwanakin da ya yi. Suna nan a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonta.

Ba wanda ya roƙe ta. Da ƙafarta mai ciwo ta hau mota zuwa Yamai, ta ajiye littafin a teburin darakta. Ya ce ta dawo mako mai zuwa. Ta ce, "Ni na koya maka ɗaure ciwo. Ba inda za ni." Kwana uku tana zuwa ta shimfiɗa dardumarta a baranda, har ya rubuta, ya buga hatimi, ta raka ambulan da idonta.

Haleluya! Ku tafa wa Ubangiji!

Ko da hakan ba su sake ni nan take ba. Sun ce akwai sashen da ban yi ba, in koma aji wata shida, in sake sitaj, in zauna babbar jarrabawa. Karo na farko na faɗi. Na biyu na ci. Shekara huɗu da wata uku daga ranar da na shiga biron nan da leda, aka miƙo mini izinin aiki. Yau ina aiki a babban asibiti.

Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, kuma ina ganin ya kamata ya ɓaci. Ƙasar da ke kukan rashin masu jinya ta ajiye mai jinya shekara huɗu tana ninke tawul. Ƙasata kuma ta bar guminmu a ɗakin da ke yoyo. Ku matasa masu karatun jinya, ku riƙe kwafin kowace takarda tun kuna makaranta, kada ku dogara da kabad ɗin kowa. Amma fushin da nake da shi yanzu ba ya hana ni addu'a, ba ya sa in zagi 'ya'yana. Wancan fushin, Yesu ya ɗauke shi.

Abu na ƙarshe. 'Yar'uwar nan da ta haɗa ni da mai takardu, ita ta aika da tata. An gano. An rufe mata ƙofar aikin jinya a ƙasar har abada, kuma anfirmiye ce ta gaske, ta fi ni iya aiki. Ban fi ta kirki ba, ban fi ta haƙuri ba. Alƙalami yana hannuna, Ubangiji ne ya riƙe shi. Ba zan faɗi sunanta ba, amma ina roƙonku ku sa ta a addu'a yau, tana da yara uku.

Duk wanda ke nan an danne masa gaskiyarsa, ka kai wa Yesu kukanka yadda yake, ko da faɗa ne, yana iya ɗauka. Kada dai ka sa hannu a kan ƙarya. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare shi. Fasto, mu tashi mu yi wa 'yar'uwar nan addu'a.