Ba a Barin Baƙo Ya Taka Ƙasa

Lakbir: Salamu alaikum. Zuhur? Babanki ne, daga Beni Mallal.

Zuhur: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni? Ya jiki?

Lakbir: Alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya Torino, har yanzu ruwa?

Zuhur: Me? Muryarka tana yankewa.

Lakbir: Na ce ruwa. Bari in fita tsakar gida. Yanzu fa?

Zuhur: Yanzu ina ji. Ya Inna?

Lakbir: Tana nan tana yi mini dariya. Wai tsoho ya koma makaranta.

Zuhur: Wace makaranta kuma?

Lakbir: Harshen ƙasarku nake koya wajen Si Jilali, wanda ya yi tafinta a can wajenku. Wata huɗu ke nan, kowace Talata. Saurara. Sentiero, hanyar ƙafa a kan dutse. Zaino, jakar goyo. Rifugio, ɗakin da matafiya ke kwana a sama. Na faɗa daidai?

Zuhur: Daidai. Amma Baba, kai da ka yi shekara ashirin da takwas a ƙasar nan?

Lakbir: Siminti na koya, da shebur, da "to, maigida". Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi don nishaɗi. Ni kuwa jikata nake so in yi wa magana. Idan Ikram ta zo watan Agusta, zan kai ta dutsen Tasamit, mu yi hirar da harshenta.

Zuhur: Baba...

Lakbir: Har takalmi na saya. Mai shagon ya ɗauka na ɗana ne.

Zuhur: Baba, ba za ta zo bana ba. Za ta bi ƙungiyarsu ta masu hawan dutse, sati uku a duwatsun Aosta.

Lakbir: To.

Zuhur: Kana ji na?

Lakbir: Ina ji. Saboda motar nan ce ta bara, ko?

Zuhur: Ba ta faɗa ba. Amma shekara guda ta yi tana zancen dutsen kakanta. Ta ɗauko takalmanta tun daga nan, ranar tafiya sai ga tasi a ƙofar gida.

Lakbir: Baƙuwa ce, Zuhur. A wajenmu ba a barin baƙo ya taka ƙasa. Ni da na yi kiwon awaki a kan dutsen nan ba takalmi, in bar jikata ta hau shi da ƙafa? Mutane su ce mun rasa abin hawa?

Zuhur: Na sani. Ita ba ta sani ba. Kuma da ta yi magana ka ce dutse na makiyaya ne.

Lakbir: Na faɗa. A gaban ƙannena ma. Ta fahimta ashe?

Zuhur: Wannan kam ta fahimta. Bari kawai, baɗi sai ku hau.

Lakbir: Baɗi. Likita ya ce bayan lokacin zafi ya wuce za su yi wa gwiwata aiki. Daga nan sai hanyar masallaci, da sanda.

Zuhur: Aiki? Tun yaushe ka sani? Bari in kira ta yanzu, wallahi za ta fasa Aostan.

Lakbir: A'a. Kada ki gaya mata.

Zuhur: Baba, don Allah.

Lakbir: Bara na ɗauke ta a mota ba da son ranta ba. Ba zan ɗauko ta bana da tausayi ba. Ki ce ta riƙa kula da ƙafarta wajen gangarowa, a nan ake faɗuwa.

Zuhur: Tsaya mana, ka saurare ni...

Lakbir: Si Jilali na jirana, yau Talata. Ki gaida maigidan.