Ba Iskoki Suka Kashe Ƙanena Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Jiratawa.

Ƙanena Sani direban kamyo ne, wato babbar motar kaya. Bara sai ya canza mana: ba ci, ba barci, kullum haɓo, yana cewa ana bin shi a baya. Kawunmu ya ce iskoki ne suka taɓa shi a hanya. Aka kai shi Tsibiri wurin 'yan bori, aka yi turare, aka yanka baƙin bunsuru. Da na ce a gwada asibiti, sai kawu ya ce, "Ke, rufe mana baki."

Wata Juma'a ya faɗi a tsakar gida, dafe da ƙirji. Likita ya ce zuciyarshi ce ta tsaya. Ashe hodar iblis ya daɗe yana shaƙa, wai tana hana gyangyaɗi a tuƙi. Ya bar matarshi da ciki.

Yanzu abokinshi na Sabon Gari ya fara haɓo, uwarshi kuma har ta sayi bunsuru. Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya zan faɗa mata ta ji, tun ba mu je yi mata gaisuwa ba?