Cokalin Man Majo Zubairu

Assalamu alaikum. Mai unguwa, malam liman, ma'aikatan likitar Talladjé, iyalin marigayi, Hajiya Zahra'u da yara, jama'a, ina gaishe ku. Matan unguwa suka ce in yi magana da bakinmu duka kan Majo Zubairu, shugaban likitar unguwarmu.

Ya kasance mutum mai son ya gani da idonsa. Shekara shida ke nan na kai masa ɗiyata Latifa. Da rana ta faɗi sai ta riƙa karo da turmi, na ɗauka makancewa za ta yi, barci ya ƙaurace mini. Ya ce dundumi ne, ya ba ta magani, ya ce in riƙa yi mata ruwan karoti, wato karas, don kada ya dawo. Bayan sati biyu sai ga shi a gidanmu.

"Maman Latifa, yi a gabana."

Na daka, na tace da ƙyalle sau uku har ruwan ya yi garau, tuƙar na zuba wa akuya. Ya dubi akuyar ya ce, "Wannan dai ta rabu da dundumi har abada. Mai fa?"

Na ce, "Majo, a gidanmu ba a ba marar lafiya maiƙo."

Bai yi faɗa ba. Ya zuba cokalin man gyaɗa a kofin, ya kaɗa sosai, ya ce in leƙa. Man ya taso ya yi ja. Ya ce, "Abin da ido ke so ke nan. Mai yake bi ya shiga jiki."

Ya kasance ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Watan jiya na tambaye shi, tsakanin ruwan gwanda da na mangwaro wane jiki ya fi ɗauka? Ya ce, "Kin kama ni, bari in bincika." Allah bai nufa ba.

Hajiya, ku yi haƙuri, mu ma uba muka rasa. In kun ci karo da amsar tambayata cikin takardunsa, ku kira ni, yanzu ina iya karantawa. Ga Latifa can, ita ta jawo kakarta zuwa nan ta kan gada.

Mun gode. Allah Ya jiƙan Majo, Ya haskaka kabarinsa yadda ya tsare wa 'ya'yanmu hasken ido. Amin.