Bencin Baya Ni Ya Dace da Shi

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, mai cajin waya a unguwar Nasarawa.

Ran nan samari uku sun tsaya a bakin rumfata, babbansu ya riƙe mini wuyan riga. Ba zan faɗi sunansa ba, mu ce da shi Dogo. Tare muke zumuntar matasa a coci.

Ya ce, "Bitrus, kai ka ce kana da bidiyon Rahila. Turo mini yanzu."

Na ce, "Mi za ka yi da shi?"

Ya ce, "In sa a gurup ɗin matasa, kowa shi gani. Irin wagga mata ce za ta ci jibin Ubangiji tare da uwayenmu?"

Bari in koma baya kaɗan. Ni ban gama sakandare ba. Na yi kabu-kabu, na yi yankan shinkafa a Zauro, na ɗauki kifi a Argungu, ba inda na daɗe. Daga baya na kafa rumfar caji da tura fina-finai. A fili waƙoƙi nake turawa. A ɓoye kuwa fina-finan batsa, kuma ni ne na fi kowa kallo. In tashi da shi, in kwana da shi. Ko a coci, Fasto na wa'azi, hotunan na yawo a kaina. Na sha rantsuwa na daina, kwana biyu in koma.

Anti Rahila kun san ta, kuma ita ta yarda in faɗi wannan. Ta dawo daga Legas da 'yarta, ta gaya wa dattawa rayuwar da ta yi, ba ta ɓoye ba. Aka sa ta horo, ta zauna bencin baya ita kaɗai, ba jibi, ba waƙa. Ta jure. Lahadin makon da abin ya faru ne za a maido ta gaba. Sai ga wani direba ya kawo mimorin waya in zuba masa waƙa, na ga tsohon bidiyonta na batsa a ciki. Na kwafa a nawa mimorin da kwamfutata. Don in burge Dogo na ba shi labari.

In abin nan ya fita, ba coci kaɗai ba, ko tashar Argungu inda take sayar da abinci ba za ta iya zama ba. 'Yarta ma ba ta da fuskar zuwa makaranta.

Dogo yana riƙe da ni, sai na tuna wata mata 'yar Japan. Na daɗe ina kallon fina-finanta. Wata rana ina neman sabo, sai na faɗa kan hirarta. Ashe ta bar aikin da daɗewa. Ta manyanta, tana sayar da burodi. Turancina kaɗan ne, amma na bi rubutun ƙasa a hankali. Wai duk inda ta sami aiki, sai wani ya gane ta, a sallame ta. Maƙwabta sun daina amsa gaisuwarta. Na duba maganganun mutane a ƙasa, zagi ne zalla. A lokacin dariya na yi. Ban taɓa tambayar kaina ba, su masu zagin, a ina suka san fuskarta?

Na kalli Dogo. Mutumin da ko sati ba a yi ba ya zo ya raɗa mini, "Akwai sabo na 'yan Japan?"

Na ce, "Sake ni in zagaya, ina zuwa."

Na tafi bayan rumfa, kusa da janareta, na durƙusa cikin ƙasa da baƙin mai. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ita ta daina. Ni ne ban daina ba. Ka cire mini wanga abu, ni na kasa." Sai kuka! Ƙato da ni, ina kuka a bayan janareta.

Na dawo na ciro mimorina a gabansu, na sa filaya na karya. Na buɗe kwamfuta na goge jakar fina-finan batsa gaba ɗaya, har da na Japan ɗin.

Dogo ya ce, "Kai, ka haukace? Yau kai ne waliyyi?"

Na ce, "A'a. Amma in za mu kai wa dattawa sunaye, mu fara da masu zuwa rumfar nan. Nawa ne na ɗaya, naka na biyu."

Ya yi tsaki, suka tafi.

Da yamma na sami Fasto na gaya masa komai. Ya ce, "Ɗana, ka san hukuncin." Na ce na sani, Baba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jaraba tana zuwa har yanzu, ciniki ma ya ragu. Amma hannuna bai koma ba. Haleluya! Abin da rantsuwata ta kasa, Ubangiji ya yi. Godiya ta tabbata gare shi. Ɗan'uwa, in kana da abin da kake rufe waya a kansa in mutum ya matso, kada ka jira a kama ka. Ka kai wa Yesu, yana ji ko a bayan janareta.

Ga saƙon da na tura wa Anti Rahila da na fito daga wurin Fasto:

"Anti, Bitrus ne mai caji. Wani abu naki na dā ya shigo hannuna, na kalla, na kuma yi surutu. Ki gafarta mini. Na karya shi, ba mai gani daga wajena. Ran Lahadi ki wuce gaba, ke da 'yarki. Bencin baya ni zan zauna."