Sai Ya Koyi Gudu Tukuna

A wani shagon injuna a unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje, Alhaji Salihu, ɗan kasuwar Kano, yana jujjuya injin yankan itace, sai wani mutumin zangon Kumasi ya tanka masa.

"Alhaji, wa zai riƙe wannan?"

"Ɗana Umar Faruƙ. Dajin Taraba zai shiga, yankan katako."

"Wa ya koya masa?"

"Koyo kuma? Ka ja igiya, inji ya tashi. Meye abin koyo?"

Mutumin ya yi dariya. "Ni na yi aikin nan. Maigidanmu bai bari mun taɓa inji ba sai da damina ta wuce. Gudu ya fara koya mana."

"Gudu?"

"Ka ɗaga kai ka ga inda itace ya karkata, sannan ka share hanyar tsira a bayanka. Wanda bai share ba, gida zai koma ranar. Da ya ga mun iya, sai ya kafa turke can nesa, ya kayar da wani ƙaton itace daidai kan turken. Turken nan ya nutse a ƙasa kamar ƙusa."

Salihu ya saki baki. "Ikon Allah! Daidai kansa?"

"Wallahi. Kuma bai taɓa binne yaronsa ko ɗaya ba."

Salihu ya ajiye injin a hankali.

"Malam, maigidan naku yana raye?"

"Da yatsunsa goma."

"To, ina ne garinsu? Injin nan zai jira. Yarona sai ya koyi gudu tukuna."